Tafkin karfasa a fadamar Bunkure: kifin da haihuwa ta hana shi girma

Tafkin da za a yi magana a kansa yana wani ƙauye a ƙaramar hukumar Bunkure ta Jihar Kano, cikin yankin da ruwan madatsar Tiga ke shayarwa. Tun bayan kammala madatsar a 1974, noman ban ruwa ya zama abin dogaron mutanen Bunkure da Kura da Garun Malam, shinkafa da damina, alkama da tumatir da albasa da rani. Mai tafkin dattijo ne da ya haura sittin, manomi ɗan manomi, bai taɓa kiwon kifi ba. A ƙarshen gonarsa akwai wani lungu mai laka inda ruwa ke kwanciya, ko an shuka ba a samun abin kirki. Shi ya sa aka haƙe, tsawo mita 20, faɗi mita 15, zurfi kuwa in babban mutum ya shiga ruwan bai wuce cinyarsa ba. Da injin ban ruwa ake jawo ruwa daga ƙaramar magudanar da ta bi ta bayan gonar. Ni malamin gona ne a yankin. Alƙaluman da zan kawo daga littafin ɗansa na same su, saurayin da ya gama sakandare, wanda shi ke ba kifin abinci safe da yamma yana kuma rubuta abin da ya gani.

Karfasa dattijon ya zaɓa, ba tarwaɗa ba, kuma da hujjarsa. Ya ga maƙwabtansa sun yi tarwaɗa a kandamin siminti, kuɗin abinci ya durƙusar da su tun kifin bai kai sayarwa ba. Karfasa ba ta da wannan tsadar. Tana tace koren ruwa ta ci ƙananan tsirrai da halittun da ido ba ya gani, tana kiwon gansakuka, tana karɓar dusa. Na biyu, tana haihuwa da kanta a cikin tafki, alhali tarwaɗa sai an yi wa uwar allura, an tatsi ƙwai, an yanka namijin. A lissafinsa, sau ɗaya zai sayi iri shi ke nan. Ta fuskar abinci lissafin bai ɓaci ba. Ta fuskar haihuwa ne ya ba shi ruwa.

A watan Afrilu, ana tsakiyar zafin bazara, ya je wurin masunta a bakin Tiga ya sayo ƙanana kimanin 900, aka ɗauko su a jarkokin da aka yanke wa baki. Babu wanda ya tantance su. Akwai masu tsawon ɗan yatsa, akwai masu faɗin yatsu uku. Watanni biyun farko komai lafiya lau. Cikin Yuni yaron ya fara ganin gungu-gungun 'ya'yan kifi a gefen tafki da hantsi, baƙi ƙirin saboda yawa. Gida ya cika da murna, har maƙwabta na zuwa kallo. Zuwa Agusta, in ya watsa dusa sai ka ga ruwa na tafasa, amma duk bakunan da ke fitowa ƙanana ne. Dattijon ya lura manyan sun tsaya cak, sai ya sayar da tunkiya ya sayi buhunan abincin kanti mai yawo a saman ruwa, wanda asali don tarwaɗa aka yi shi. Abincin ya ƙare, kifi na nan yadda yake.

A farkon Nuwamba aka ja taru. Da aka ɗora a sikeli, kilo 110 ne gaba ɗaya. Ga tafkin murabba'in mita 300 da ba a hura masa iska, wannan nauyi ba abin kunya ba ne ko kaɗan. Ɓarnar a cikin baho take. Waɗanda suka kai gram 200 ba su cika tamanin ba. Sauran dubbai ne, daga mai gram 60 zuwa wanda ke zurarewa ta idon taru. Matan da ke sarin kifi suna soyawa a kasuwar Kura suka tsince manyan, suka taya ragowar da baho, kuɗin da bai kai rabin abin da aka kashe a abincin kanti ba.

Bayani uku na tarar a bakin tafkin. Dattijon ya ce masunta sun cuce shi, irin da ba ya girma suka ba shi. Ƙaninsa ya ce ruwan magudana ne, maganin feshi ya yi masa yawa. Wasu suka ce kambun baka ne, tunda duk wanda ya zo ya ga 'ya'yan sai ya tanka. Ban yi jayayya da kowa ba, na dai roƙi a zuƙe sauran ruwan har ƙasa ta fito. Da laka ta bayyana sai ga ramuka zagayayyu, sumul, kowanne faɗinsa kusan kamu guda, daga wannan gaɓa zuwa waccan, har suna gogar juna.

Na ce, "Alhaji, waɗannan ramukan wa ya tona su?"

Ya ce, "To Malam, ni dai ban sa kowa ba. Ko sawun masu jan taru ne?"

Na ce, "Sawu ba ya zagayewa haka. Mazajen kifinka ne. Kowane rami da ka gani, ƙwai aka zuba a ciki."

Na sa yaron ya laluba cikin baho ya nemo wadda bakinta ke rufe gam, ƙasan haɓarta a kumbure. Da yawa sun riga sun tofar da nasu a cikin taru saboda firgici, ƙwan na nan manne a zaren. Wadda ya ɗauko da ƙyar ta cika tafin hannu. Ya riƙe ta a kan kwano mai ruwa, na ja leɓenta na ƙasa da ɗan yatsa, na tsoma kan na girgiza a hankali. Ƙwai rawaya suka zubo, girman ƙwayar gero, sun haura ɗari. Ta biyun da muka buɗe, nata sun riga sun ƙyanƙyashe: baƙaƙen idanu biyu, 'yar wutsiya tana kaɗawa, gwaiduwa rataye a ciki. Dattijon ya durƙusa ya daɗe yana duban kwanon, sannan ya ce, "Ikon Allah. Wannan 'yar mitsitsiyar ita ce uwa?" Daga nan shi da kansa ya ajiye maganar kambun baka.

Karfasar Nilu, wadda masana ke kira Oreochromis niloticus, a baki take renon ƙwanta. Da zarar zafin ruwa ya kai digiri 24 a ma'aunin salshiyos, namiji zai kama wuri a ƙasan tafki, ya tona rami da bakinsa, ya riƙa korar duk namijin da ya kusanto. A lokacin kansa da bakin wutsiyarsa kan yi ja-ja. Mace ta zo ta zuba ƙwai kaɗan-kaɗan, namiji ya bi ya zuba maniyyi, ita kuma ta tsince su da baki ta yi gaba. Shi yana nan yana jiran wata. Kwana uku zuwa biyar ƙwan ya ƙyanƙyashe a cikin bakin, 'ya'yan su ci gaba da zama har gwaiduwar ta ƙare. Gaba ɗaya sati ɗaya zuwa biyu ne, gwargwadon ɗumin ruwa. Ko bayan ta sake su, na 'yan kwanaki in suka ji motsi bakinta suke rugawa. Duk tsawon renon nan kusan ba ta cin komai, bayan sati huɗu zuwa shida kuma ta sake ɗauka. Mai gram 100 ƙwanta kan kai ɗari ko fiye, babba mai kusan kilo takan zuba 1,000 zuwa 1,500. In aka gwada da tarwaɗa mai zuba dubun dubata, wannan ba komai ba ne. Sai dai na tarwaɗa watsuwa yake yi babu mai gadi, na karfasa kuwa a tsare yake har ya iya iyo.

A kogi ko madatsa wannan tsaro bai wuce ya cike giɓin da giwan ruwa da tarwaɗa da tsuntsaye ke yi ba. A tafkin dattijon babu mai cin 'ya'yan sai zalɓe ɗaya mai zuwa da asuba, sai kuma 'yan yayyensu da ke haɗiye sababbi. A ce cikin 900 ɗin rabi mata ne, a ce 200 kacal ke ɗauka a wata, kowacce ƙwai 200. Dubu arba'in ke nan. Ko kashi ɗaya cikin goma ne ya rayu, an samu sababbin bakuna 4,000 a kowane wata, a cikin ruwan da abincinsa da iskarsa ba su ƙaru ba. Abincin kantin da aka sayar da tunkiya dominsa, waɗannan ne suka cinye mafi yawansa, suna jiran ya jiƙe su yage shi. Matan kuma abin da suka ci ƙwai yake komawa, ga yunwar reno.

Akwai abin da ya fi wannan ɗaure wa masu fara kiwo kai. Karfasa ba ta jiran girma kafin ta balaga. A tafki wata biyar zuwa shida ta isa haihuwa, in cunkoso ya yi yawa kuwa tana iya ɗaukar ƙwai tana gram 30 ko 40. Ƙaramin kifi ba lalle ne yaro ba. Masu faɗin yatsu ukun da aka sayo a watan Afrilu, da yawansu balagaggu ne, shi ya sa 'ya'ya suka bayyana cikin wata biyu. Zuwa Oktoba 'ya'yan fari ma sun fara nasu.

Zargin da dattijon ya yi wa iri yana da ɗan tushe, ko da yake ba cuta ba ce, abin da birgi, wato ragar masunta, ya kamo shi aka ba shi. Da muka baje kifin, iri uku ne. Ta Nilu ana gane ta da baƙaƙen ratsi a tsaye, jere reras a kan wutsiya. Akwai Sarotherodon galilaeus, mai haske da faɗin jiki, wutsiyarta babu wannan ratsi, ita uwa da uba duk suna ɗaukar ƙwai a baki. Akwai kuma Coptodon zillii mai jan ƙirji, wadda ba ta reno a baki sam, manna ƙwanta take yi a ƙasa iyayen biyu su yi gadi, kuma a tafki ba ta kamo ta Nilu a girma. Waɗannan biyun sun kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Wasu ma ta bututun injin suka shigo suna ƙanana, don babu raga a bakinsa. Maganar feshi kuwa ba ita ce ta hana girma ba. Maganin ƙwari in ya shiga tafki da yawa kashewa yake yi, ba ya barin kifi ya yi ta hayayyafa. Amma tsoron ƙanin gaskiya ne a yankin da ake feshin tumatir da shinkafa, shi ya sa aka yi dokar ba a tayar da inji ranar da aka ga wani ya wanke tankin feshi a sama da su.

Abin da ya samu wannan tafki shi ne ya samu kiwon karfasa a duniya tun farkonsa. Da aka bazu da ita zuwa Asiya da Kudancin Amurka, mutane sun yi ta zumuɗi, sannan gwiwarsu ta yi sanyi saboda tafkuna na cika da ƙananan da ba su da kasuwa. Sai a shekarun 1970 da aka ƙware wajen samar da maza zalla sana'ar ta miƙe. Namiji ya fi mace saurin girma, wani lokaci har kusan ninki, kuma in babu mace babu 'ya'ya. Masar, wadda ta fi kowace ƙasa a Afirka kiwon karfasa, tana fitar da kimanin tan miliyan ɗaya a shekara, mafi yawa ta wannan hanya.

Manyan gonaki da sinadarin homon suke yi. Ana haɗa miligiram 60 na methyltestosterone, wato homon ɗin maza da ake haɗawa, a kowane kilo na abinci, a ba 'ya'yan daga fara cin abincinsu har sati uku zuwa huɗu, kafin jinsinsu ya tabbata, sai sama da kashi 90 cikin 100 su fito maza. Ban ba da shawarar a yi wannan a gidan ba, kuma har yanzu ba zan bayar ba. Aiki ne mai buƙatar sikeli mai auna miligiram, da safar hannu, da wurin ajiya mai sanyi, da 'ya'yan da aka san ranar fitowarsu. A gidan da ake ajiye abincin kifi ɗaki ɗaya da hatsi, yara da mata masu ciki na shiga da fita, hatsarin ya fi amfanin. Sayen maza zalla daga wurin ƙyanƙyasa ya fi, in akwai amintacce a kusa, kuma in aljihu zai ɗauka. Na dattijon a lokacin ba zai ɗauka ba. Abin da ya rage shi ne tantancewa da hannu, a kuma sa mai cin 'ya'yan da suka kuɓuce. Tsohuwar hanya ce, akwai wahala, amma duk kayan aikinta suna cikin ƙauyen.

Dattijon bai so a ajiye ko ɗaya daga kifin ba, yana ganin sun riga sun tsumbure. Karfasar da cunkoso ya tsayar tana komawa girma in ta samu fili da abinci, musamman namiji. Ɗansa ne ya shawo kansa. Ya ce, "Baba, ai ba mu da asara. In sun ƙi, dama da baho za a saye su." Aka ware masu gram 40 zuwa 60 masu ratsin wutsiya, aka zuba su a wani ɗan rami da aka tona a gefe.

Tantancewar ga yadda take. A kifar da kifin ciki sama. Bayan dubura akwai ɗan tsiron nama. Na namiji siriri ne mai tsini, ƙofa ɗaya ce tak a ƙarshensa, ta nan fitsari da maniyyi ke fita. Na mace ya fi faɗi da zagaye, da tsaga a kwance a tsakiyarsa inda ƙwai ke fita, sai wata 'yar ƙofa a ƙarshe. A kifi mai gram 50 ido kaɗai ba ya isa. Sai a dangwali shuɗin maganin nan da ake shafa wa gyambo, wato jibi, da ɗan auduga a goga a wurin. Shuɗin ya kwanta cikin tsagar, ta fito fili. Yaron ya zauna a kan turmi a inuwar darbejiya da baho uku a gabansa, na maza, na mata, da na waɗanda yake shakka, yatsunsa sun rine har wuyan hannu. Da farko bahon shakka ne ya fi cika. Kafin kwana biyu ya iya, har ƙannensa mata biyu suka koya suna taya shi, ƙaramar ma ta fi shi saurin ganin tsagar. Dokar ita ce duk wanda aka yi shakka a kansa mace ce. Gara a yi asarar namiji goma da a bar mace ɗaya ta shige. Duk da haka, ko ƙwararre sai wasu sun kuɓuce masa.

Shi kuma babban tafkin aka bar shi ya bushe har laka ta tsattsage. Inda ruwa ya ƙi ƙafewa aka barbaɗa garin laim irin wanda masu kiwon kaji ke zubawa a ɗaki, don 'yar kwatar da ba ta kai faɗin tabarma ba tana iya ɓoye 'ya'yan da za su maido da matsalar gaba ɗaya. Aka ƙara zurfin gefe ɗaya zuwa mita ɗaya da rabi, aka ɗaura raga mai ƙananan ido a bakin bututun shigar ruwa.

A nan hunturu ya ci rabonsa. Aikin tantancewa ya faɗo ƙarshen Nuwamba, sanyi ya fara shiga. Karfasa kifin ɗumi ce. Ƙasa da digiri 20 cin abincinta ya ja baya sosai, a digiri 11 zuwa 12 mutuwa take yi. A Disamba da Janairu ruwa marar zurfi a ƙasar Kano kan yi sanyi ƙwarai da asuba, ga ramin ajiyar ƙarami. Kifin da aka taɓa da hannu ya rasa yauƙin jikinsa, wani ya rasa ɓawo, sai farar fumfuna ta kama wurin. Cikin maza 640 da aka ware, sama da ɗari sun mutu a cikin sati uku. Abin da ya tsayar da mutuwar shi ne tsoma masu ciwo cikin ruwan gishiri na ɗan lokaci, da rage abinci zuwa sau ɗaya da rana tsaka, da kafa shingen kara ta gefen arewa maso gabas inda iskar ke bugowa, da daina taɓa kifin kwata-kwata. Wannan asara ba ta hanyar ba ce, ta lokacin ce. Tantancewa aikin Oktoba ne ko ƙarshen Fabrairu.

A farkon Maris aka zuba maza 500 a babban tafkin, wato ƙasa da biyu a kowane murabba'in mita. Abincin kanti aka bar shi. Buhun kashin kaji aka ɗaure a kusurwa yana tsiyaya a hankali har ruwan ya yi kore. Gwajin da hannu ake yi: a tsoma har gwiwar hannu, in ana ganin tafin sarai taki bai isa ba, in ya ɓace tun kafin a kai gwiwar ya yi yawa. Da safe in aka tarar da kifi a sama yana haki, iska ce ta ƙare cikin dare, sai a ɗaga buhun a tayar da inji. Ƙari a kan koren ruwa, dusar shinkafa ce da tunkuza da garin waken suya. Waken sai an soya shi, ɗanye yana hana narkewar abinci. Dusar kuma sai an tankaɗe, don ta ƙananan injinan casa cike take da ƙaiƙayi, wanda ba ya yi wa kifi komai sai ruɓewa a ƙasan tafki.

Tarwaɗa 40 aka sa, amma sai a ƙarshen Afrilu, kuma ƙanana masu tsawon ɗan yatsa. Wannan jinkiri da gangan ne. Tarwaɗa tana girma da sauri, in aka zuba su tare ko aka sa manya, ba 'ya'yan kawai za ta ci ba, har jarin. A watan Yuni an ga ɗan gungun 'ya'ya a kusurwa, alamar 'yan mata kaɗan sun shige. Bayan kwana kaɗan suka ɓace.

A tsakiyar Oktoba aka kwashe. Karfasa 430 da 'yan kai suka fito, mafi yawa tsakanin gram 250 da 320, jimlarsu kilo 120. Tarwaɗa ta ba da kusan kilo 30. Ƙananan da aka tarar ba su cika baho ɗaya ba. A dubi alƙaluman biyu: kilo 110 a karon farko, kilo 120 na karfasa a karo na biyu. Kusan ɗaya ne. Tafkin bai canza abin da yake iya ɗauka ba, ruwa da taki da iska ne ke yanke wannan. Abin da ya canza shi ne yawan bakunan da aka raba wa nauyin. Wannan karon da kilo aka sayar, matan Kura suka kwashe kafin azahar. Gaggawar ma dole ce, don karfasa ba kamar tarwaɗa ba ce da za ta kwana da rai a baho. Tana fita ruwa ta mutu, ta kuma fara lalacewa, shi ya sa aka yi magana da masu saye tun ana saura kwana biyu.

Ramin gefen nan shi ya zama wurin haihuwa. A cikinsa aka kafa hapa, wato ɗakin raga mai ƙananan ido, a buɗe ta sama, an ɗaure kusurwoyinsa a turaku. Maza 10 da mata 30 aka sa, masu girma daidai da juna, don babban namiji yakan wahalar da ƙaramar mace har ya kashe ta. Ko babu laka da zai tona, namiji na share wuri a ƙasan ragar ya yi abinsa. Manyan wuraren ƙyanƙyasa sukan buɗe bakin iyaye duk bayan kwana biyar zuwa bakwai su kwashe ƙwai zuwa kwalabe masu ruwa mai gudu. A nan babu wannan, ana barin uwa ta gama renonta, yaron ya riƙa kwashe 'ya'yan da rariya kowace safiya zuwa wata ragar. Kwashewar kullum ita ce sirrin, don ɗan sati uku yana haɗiye ɗan kwana biyu.

Ba a gama da matsaloli ba. Tantancewa da hannu na nufin rabin abin da aka rena har gram 40 mata ne, an ciyar da su amma ba za su shiga babban tafki ba. Uwargidan ce ke soya su ta sayar a gida, wasu a busar a daka a haɗa cikin abincin kaji, kuɗin dai ba ya taka kara ya karya. Iyaye arba'in ɗin kuma duk daga tafki ɗaya suka fito. In aka ci gaba da ɗiban iyaye daga 'ya'yansu, dangi na auren dangi, girma zai riƙa raguwa, a fara ganin masu karkatattun jiki. Dole duk shekara ko biyu a kawo sababbi daga wani wuri. Yaron ya ji labarin GIFT, ingantaccen irin da aka fara zaɓensa a ƙasar Filifin a 1988, yana ta matsa wa uban. Na goyi bayan a nema, da sharaɗi biyu. Duk baƙon kifi a ware shi a wani ruwan na 'yan makonni kafin ya haɗu da na gida, don akwai cutar bairos ta karfasa da aka fara bayyanawa a 2014, mai kashe kifi da yawa, kuma babu maganinta. Sannan a ɗaga gaɓar tafkin, don in ambaliyar Agusta ta haura, abin da ke ciki magudana zai bi ya haɗu da na kogi.

Abin da ya fi damuna shi ne cinikin 'ya'ya. Tun da labarin kwashewar Oktoba ya bazu, maƙwabta ke zuwa neman iri, yaron kuma yana sayar musu da 'yan sati huɗu, maza da mata a haɗe, don a wannan girman babu mai iya rarrabewa. Duk wanda ya zuba su haka a tafkinsa, abin da ya samu dattijon shi ke jiransa nan da wata bakwai. Na faɗa wa uban gaba da gaba. Ya kira ɗan ya ce masa daga yau duk wanda ya zo saye a nuna masa yadda ake tantancewa kafin a karɓi kuɗinsa, ko kuma a riƙe 'ya'yan har su kai gram 40 a sayar masa da maza a kan farashi mafi tsada. Riƙewar tana buƙatar tafki na uku, wurin da ya rage kuma shi ne inda ake dashen tumatir. Dattijon ya ce sai ya ga yadda kasuwar tumatirin wannan rani ta kaya kafin ya yanke. Kafin nan, 'ya'yan Satumba suna cikin raga a gefen mai zurfi, ba za a taɓa su ba sai ƙarshen Fabrairu.